Mace a Bakin Namiji: Matan Adabin Ingila Kafin Shekara ta 1500

A cikin Labaran Canterbury, littafin da Geoffrey Chaucer ya rasu a 1400 bai kammala ba, wasu matafiya masu zuwa ziyarar ibada a garin Canterbury ne ke ba juna labarai a hanya, kuma cikinsu akwai wata mata mai suna Alisoun, mutuniyar garin Bath, wadda ta yi aure sau biyar. Mijinta na biyar, Jankyn, tsohon ɗalibi ne na Oxford, yana da shekara 20 ita tana da 40. Yana da wani littafi da ya tattara labaran miyagun mata, kuma duk dare sai ya zauna gefen murhu ya karanta mata shi yana dariya: wadda ta ba mijinta guba, wadda ta kafa wa nata ƙusa a ka yana barci, wadda ta tona asirin mijinta ga maƙiya. Ran nan abin ya ishe ta, ta fizgi littafin ta yage shafi uku, ta kai masa naushi har ya faɗa wuta. Ya tashi ya mare ta a ka, marin da ya kurmantar mata da kunne ɗaya har ƙarshen rayuwarta.

Kafin ta kai ga ba da labarin faɗan, sai ta yi wa abokan tafiyarta wata tambaya: wa ya zana zakin? Tana nufin wata tsohuwar tatsuniya inda aka nuna wa zaki hoton mutum yana kashe zaki, sai zakin ya ce da zaki ne ya yi zanen da ba haka hoton zai kasance ba. Ta ce da mata ne suka rubuta tarihi kamar yadda malamai ke yi a ɗakunan karatunsu, da sun rubuta muguntar maza wadda duk zuriyar Adamu ba za su iya gyarawa ba.

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin duk nazarin da masu ra'in matantaka, wato masu duba adabi ta fuskar matsayin mata, suke yi wa adabin Ingila na wancan zamani. Mai karatu yakan fara da ƙirga matan kirki da miyagun mata a cikin labarai, ya ga wane ɓangare ya rinjaya. A ganina wannan ƙirga ba ta kai mutum ko'ina. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sanin hannun wa maganar mace ta bi kafin ta iso takarda, da kuma abin da hannun ya rage ko ya ƙara a hanya. Matar Bath kanta namiji ne ya ƙirƙire ta, kuma wannan shi ne ƙullin da ya sa har yau ba a gama muhawara a kanta ba.

Sai an san duniyar da take ciki kafin a fahimci zafin bakinta. A dokar Ingila ta lokacin, da zarar mace ta yi aure, kayanta da kuɗinta sun shiga hannun miji, gonakinta kuma shi ke juya su muddin yana raye. Ga wanda ya taso da sanin cewa matar aure tana riƙe da dukiyarta da sadakinta a shari'ar Musulunci, wannan abu ne da ya kamata ya tsaya ya lura da shi, domin a can macen da ta fi kowa 'yanci ita ce wadda mijinta ya mutu: tana samun kashi ɗaya cikin uku na gonakinsa ta ci har ta mutu, tana iya ƙulla ciniki da sunanta. Saboda haka aure biyar na Alisoun yana da alaƙa da tattalin arziki. An fara aurar da ita tana da shekara 12. Mazajenta uku na farko tsofaffi ne masu dukiya, kuma ta faɗa da bakinta cewa sai da suka miƙa mata filaye da kuɗi kafin ta sake musu fuska. Masaƙiya ce da Chaucer ya ce ta fi masaƙan Ypres da Ghent, garuruwan da suka shahara da saƙa, gwaninta, ta je Birnin Ƙudus sau uku, ta je Rum da Cologne da Santiago. Manazarciya Mary Carruthers, a wata maƙala da ta buga a 1979, ta nuna cewa ikon da wannan mata ke nema a gidan aure daga dukiya ya samo tushe, kuma babban kuskurenta shi ne ranar da soyayya ta sa ta mallaka wa Jankyn duk abin da ta tara.

A ɓangaren addini kuwa, malaman coci sun gaji wani dogon tarihi na rubutun kushe aure da mata. Mafi shahara shi ne raddin da Jerome, wani babban malamin coci, ya yi wa wani mai suna Jovinian a shekara ta 393, inda ya jera darajoji: budurwa mai zuhudu ladanta ɗari, wadda mijinta ya mutu ta ƙi sake aure sittin, matar aure talatin. Malaman da suka ɗauki wannan koyarwa yawancinsu ba su da aure, kuma su ne ke da karatun Latin, su ne ke da makarantu. Oxford da Cambridge ba su karɓar mata. Littafin Jankyn ba ƙirƙira ba ne, Chaucer ya ambaci abin da ke ciki, har da wannan raddi na Jerome, kuma irin waɗannan kundaye sun yawaita a hannun ɗalibai.

To a nan ne abin ya yi sarƙaƙiya. Kusan duk abin da Matar Bath ke faɗa, Chaucer daga waɗannan littattafan ya kwaso shi. Littattafan sun ce mace mai surutu ce, mai son abin duniya, mai ƙarya, mai yawan sha'awa, mai son juya miji, kuma Alisoun ta amsa duk waɗannan da alfahari. Har hujjarta mai kaifi, cewa da kowa ya ƙi aure daga ina za a haifi budurwai, a rubutun Jerome take. Wannan ya sa Elaine Tuttle Hansen, a littafinta na 1992, ta ce kada a ruɗu: abin da muke ji muryar namiji ce sanye da zanin mace, kuma masu sauraro na farko wataƙila dariya suka yi suka ce ga shaida, haka mata suke. Akwai abin da ke goyon bayanta, domin a wasu kwafe-kwafen hannu masu kwafa sun rubuta maganganun Jerome a gefen shafi, daidai inda take magana, kamar suna tunatar da mai karatu wa ke da gaskiya. Jill Mann kuwa, a 1991, ta karanta Chaucer a matsayin marubucin da ya gane ciwon da irin wannan adabi ke ji wa mata, Carolyn Dinshaw kuma a 1989 ta mai da hankali kan yadda maza ke ɗaukar littafi da jikin mace a matsayin abubuwa biyu da su ke da ikon fassarawa.

Ni na fi karkata ga cewa Hansen ta yi gaskiya game da kayan ginin, amma ba ta ba ginin haƙƙinsa ba. A littafin Jerome mace abin magana ce, ba ta amsawa. A hannun Chaucer an ɗauki zarge-zargen nan an sa su a bakin wadda aka zarga, an ba ta ƙuruciya da tsufa, an ba ta kunnen da ya mutu saboda littafi. Ta buɗe jawabinta da cewa ko da babu wani malami da ya yi rubutu, abin da ta gani da idonta ya ishe ta ta yi magana kan wahalar aure. Jiki magayi ke nan. Akwai wurin da ta tuna ƙuruciyarta ta ce garin ya ƙare, saura dusa, dole ta sayar da ita yadda ta samu. Wanda ya karanta wannan ya ci gaba da yi mata kallon abin dariya kawai, bai karanta da zuciya ba. Gabatarwarta, wato jawabin da ta yi kafin labarinta, ta haura baiti 800, ta ninka labarin da za ta bayar, kuma babu wani cikin matafiya kusan 30 da aka bari ya yi magana a kan kansa haka.

Labarin da ta bayar shi ne ya fi damuna. Wani jarumin fadar Sarki Arthur ya gamu da yarinya a hanya ya yi mata fyaɗe. Hukuncinsa kisa ne, amma sarauniya da matan fada suka roƙi a bar musu shi. Aka ba shi shekara ɗaya da kwana ɗaya ya nemo amsar abin da mata suka fi so a duniya. Wata tsohuwa mummuna ta ba shi amsa, cewa mata suna son iko a kan mazajensu da masoyansu, ladanta kuma ya aure ta. A daren farko ta ba shi zaɓi: ta zauna tsohuwa mai amana, ko ta zama kyakkyawa ya zauna da zullumi. Ya ce ita ta zaɓa. Da ta ga ya sallama, sai ta zama kyakkyawa kuma mai amana, labarin kuma ya ce ta yi masa biyayya a komai. Ana iya cewa an koya wa mai laifi sauraron mace, kuma haka ne. Amma yarinyar da aka zalunta ba ta da suna, ba ta furta kalma ɗaya ba, bayan baitocin farko ba a sake ambatonta ba. Wanda ya ci zarafinta ya ƙare da amarya kyakkyawa. Ko a labarin da mace ke bayarwa domin kare mata, wadda aka fi cuta ita aka manta.

A kan wannan batu an daɗe ana haɗa labarin da rayuwar Chaucer. A 1873 aka gano wata takardar kotu ta 1380 inda wata mata, Cecily Chaumpaigne, ta yafe masa duk wata ƙara a kan abin da aka fahimta a matsayin fyaɗe ko sacewa, kuma manazarta da yawa sun gina sharhinsu a kai. A 2022 Euan Roger da Sebastian Sobecki suka fito da wasu takardu da suka nuna cewa su biyun tare aka kai ƙara: tsohon ubangidanta, Thomas Staundon, shi ya yi ƙarar cewa ta bar masa aiki kafin wa'adi ta koma gidan Chaucer. Wannan ya sauke zargin daga kan marubucin, amma bai dawo da yarinyar cikin labarin ba.

Kishiyar Alisoun a littafin ita ce Griselda, kuma wani ɗalibin Oxford ne ya ba da labarinta, kamar martani. Labarin ya taso daga Italiya: marubuci Boccaccio ya rufe littafin labaransa da shi, marubuci Petrarch ya mai da shi Latin a 1373, Chaucer ya ɗauko daga can. Walter, mai mulkin Saluzzo, ya auri 'yar talaka da sharaɗin ba za ta taɓa musa masa ba, ko da ɓata fuska. Ya sa aka ɗauke 'yarta ya bar ta da zaton an kashe ta. Ya maimaita da ɗanta. Bayan shekaru ya ce ya sake ta, ta koma gidan ubanta da 'yar shimi kawai, sannan ya kira ta ta zo ta gyara gida domin sabuwar amarya. Duk ta yi. Sai a ƙarshe ya bayyana cewa amaryar 'yarta ce, duk gwaji ne. Mai haƙuri ya dafa dutse, amma an sa ta dafa shi da 'ya'yanta. Mai ba da labarin ya soki Walter fiye da sau ɗaya, ya ce gwajin ba shi da dalili, kuma ya ce ba ana nufin matan aure su kwaikwayi Griselda ba ne, misali ne na yadda kowane bawa zai jure jarrabawar Ubangiji. Sai dai masu sauraro ba su tsaya a nan ba. Mai masaukin da ke jagorantar tafiyar ya ce ya fi son matarsa ta ji wannan labari a kan a ba shi gangar giya. A birnin Paris ma, wajen 1393, wani magidanci ya sa labarin cikin littafin nasiha da ya rubuta wa ƙaramar amaryarsa. Idan aka sa miji a gurbin Ubangiji a cikin misali, komai bayanin da aka biyo da shi, miji ne zai ci riba.

Sauran adabin ana iya ratsa shi da sauri, domin salon ɗaya ne. A waƙar Beowulf, wadda kwafinta ya kai shekara 1000 a duniya, sarauniya Wealhtheow tana zagayawa da ƙoƙon sha tana ƙulla zumunci, Hildeburh kuma an aurar da ita domin sulhunta ƙabilu biyu, ta rasa ɗanta da ɗan'uwanta a faɗa ɗaya. Macen da ta ɗauki makami ta nemi fansar ɗanta, abin da ake yaba wa kowane namiji a waƙar, ita ce uwar dodo Grendel, kuma ba a ba ta suna ba. A waƙar Gawain da Koren Jarumi, da jarumin ya gane ya gaza, sai ya huce a kan mata, ya jero manyan mazan da littafin Kirista ya ce mata sun kayar. Masu jin labaran makircin mata ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Inda lamarin ya fi daɗin nazari shi ne wurin matan da suka yi magana da kansu. Julian ta garin Norwich ta kwanta ciwon da aka fitar da rai a watan Mayu na 1373, tana da shekara 30, ta ce ta ga wahayi 16. Littafinta shi ne mafi daɗewa da aka tabbatar mace ce ta rubuta da Ingilishi. Ta yi shi sau biyu. A gajeren na farko ta nemi afuwa, ta ce ita mace ce, marar ilimi, mai rauni, kada a ɗauke ta malama, amma ta tambaya: don ni mace ce sai in ƙi gaya muku alherin Ubangiji? Bayan kimanin shekara 20 tana tunani ta rubuta dogon, kuma ta cire wannan neman afuwar gaba ɗaya. A cikinsa, bisa aƙidarta ta Kirista, ta yi dogon bayani kan rahamar Ubangiji da siffar uwa mai haihuwa da shayarwa da renon ɗa. A zamanin da malamai ke ɗaukar jikin mace a matsayin ƙofar zunubi, ita ta ɗauki aikin uwa ta mai da shi ma'aunin jinƙai. Amma a lura da inda take zaune: ɗaki ne da aka gina jikin coci, ta shiga da alkawarin ba za ta fito ba har mutuwa. Macen da ke bayan bango coci tana iya jure maganarta.

Margery Kempe ba ta zauna bayan bango ba, shi ya sa ta sha wuya. An haife ta wajen 1373 a garin Lynn, mahaifinta John Brunham ya yi magajin gari sau biyar. Ta haifi 'ya'ya 14. Ta yi sana'ar giya ta karye, ta kafa injin niƙa na doki shi ma ya rushe. A 1413 ta yi yarjejeniya da mijinta: za ta biya masa bashinsa, shi kuma ya bar ta ta kame kanta domin ibada. Ta je Birnin Ƙudus da Rum da Santiago, tana sa fararen kaya, tana kuka da ƙarfi a coci har abokan tafiya suka guje ta. Ta ziyarci Julian, suka yi kwanaki suna tattaunawa, Julian ta ƙarfafa mata gwiwa. Lokacin kuwa mai haɗari ne, domin tun 1401 doka ta ba da damar ƙona 'yan bidi'a, kuma ana farautar mabiyan John Wycliffe, malamin da ya saɓa wa koyarwar coci, waɗanda ake zargi da barin mata su yi wa'azi. A 1417 aka yi ta kama ta. Magajin garin Leicester ya ce ta zo ne ta janye musu matansu. A hanyar arewa mutane suka ce mata ta koma gida ta yi kaɗi kamar sauran mata. A gaban babban limamin York, ya ce ya ji labari ita muguwar mace ce, ta ce ita ma ta ji labari shi mugun mutum ne. Da aka kawo mata aya cewa mace ba ta wa'azi, sai ta ce ba ta hawa mumbari, hira ce kawai take yi da kyawawan kalmomi, kuma ba za ta daina ba muddin tana raye. Bai same ta da laifi ba, ya biya wani mutum sule biyar ya fitar masa da ita daga yankinsa.

Ita ba da hannunta ta rubuta ba, shifta ta yi. Na farko da ya rubuta mata Bature ne ɗan Ingila da ya daɗe a ƙasar Jamus, rubutunsa bai karantuwa, kuma ya mutu. Wani limami ya karɓi aikin, ya yi ta jan ƙafa shekara huɗu saboda tsoron surutun da ake yi a kanta, sai a 1436 ya fara kwafewa. Har yau ana gardama kan nawa ne nata nawa ne nasa a cikin littafin. Ni dai ina ganin limamin da ke tsoron sunansa ba zai ƙirƙiro macen da ke mayar wa babban limami magana ba, abin da ya fi kusa shi ne ya sassauta.

Abin da masu ɗab'i suka yi mata ya fi wannan muni. Wajen 1501 Wynkyn de Worde ya buga 'yan shafuka bakwai da aka tsamo daga littafin. Ya cire 'ya'yan, ya cire bashin, ya cire tafiye-tafiye da kotuna da amsoshinta, ya bar wuraren da take sauraro cikin ladabi ana yi mata nasiha. A 1521 Henry Pepwell ya sake buga su, ya kira ta mai zaman kaɗaici a ɗakin coci, abin da ba ta taɓa yi ba ko na kwana ɗaya. Sama da shekara 400 wannan ce Margery da duniya ta sani, mace shiru a bayan bango. Cikakken littafin kwafi ɗaya ne tak ya tsira, yana ajiye a gidan wani iyali mai suna Butler-Bowdon, sai a 1934 wata manazarciya 'yar Amurka, Hope Emily Allen, ta gane ko mene ne. Da aka buga shi, masu sharhi da dama da suka yi tsammanin samun wata Julian ta biyu suka ji haushi, suka ce mai taɓin hankali ce, suka tsaya kan kukanta. Sai daga wajen 1980, da mata suka yawaita a sassan nazarin adabi na jami'o'i, aka fara karanta shari'o'inta na Leicester da York a matsayin shaidar yadda mace marar karatun Latin ta san doka da nassi har ta kuɓutar da kanta daga wuta.